Sanƙarau iri gare shi, kuma ba ya jiran gobe

Gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun kama hanyar kasuwa, samari sun fara ɗaure kayan cirani. Kun saba jin zancen iri da taki da tsutsar gero daga bakina. Yau ku yi mini izini in bar gona in shiga cikin gida, domin lokacin da muke shiga yanzu, daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, shi ne lokacin sanƙarau.

Ni ba lokotoro ba ne, malamin gona ne. Amma aikina ya kai ni garuruwa da yawa a ƙasar Matamaye, daga Kance zuwa Ɗan Barto, daga Yawuri zuwa Kurni, kuma na ga abin da ciwon nan yake yi wa gidan manomi. Ra'ayina shi ne: ya kamata kowane gari ya yi wa sanƙarau shiri tun da kaka, kamar yadda muke yi wa damina shiri tun da rani. Kuma ku da kuka gama yaƙi da jahilci, ku ne ya kamata ku ja gaba.

Ƴan tagwayen da ido ba ya gani

Kowa ya san ƙuduji. Irinsa kamar ƙura yake, ba ka ganin sa cikin ƙasa, sai ka ga geronka ya tsaya. Ba wanda zai ce don ba a ganin irin ƙuduji, to, babu shi. Sanƙarau ma haka yake, iri gare shi. Wata ƴar halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai. In aka jera dubu ɗaya daga cikinsu, da ƙyar su cika milimeta guda a jikin gwangwanin awon ruwan sama.

Lokacin da nake lise a Damagaram aka nuna mana hotonsu, yadda madubin likita yake ƙara musu girma. Kullum biyu-biyu suke, suna fuskantar juna, kamar ka ɓare ƙwayar gyaɗa ka ajiye ɓari biyun kusa da kusa. Lokotoro suna kiran su diplokok, ma'ana ƙwayoyi masu tafiya biyu-biyu. Mu sai mu ce musu ƴan tagwaye.

Gida uku ne a cikinsu suka fi damun ɗan Adam.

Na farko maningokok, mai kawo annobar sanƙarau. Wani likita a birnin Biyana, ƙasar Ostiriya, mai suna Weichselbaum, shi ya gano shi a 1887 cikin ruwan bayan marasa lafiya.

Na biyu nimokok, mai kawo ciwon haƙarƙari da ruwan kunne ga yara. Shi ma yakan hau kai ya zama sanƙarau, kuma nasa ya fi kisa.

Na uku gonokok, mai kawo ciwon sanyi. Wani Bajamushe, Neisser, ya gano shi a 1879.

Abin da ya haɗa su: daga mutum suke tashi su faɗa wa mutum. Ba sa fitowa daga rijiya, ba sa fitowa daga dabba. Kuma dukansu akwai maganinsu a likita, in an je da wuri.

Me ya sa sai da rani?

Tsofaffi suna cewa iska ce ke kawo sanƙarau. Akwai gaskiya a bakinsu, amma rabi ce. Ga yadda abin yake. Cikin mutum goma masu lafiya, kusan ɗaya yana ɗauke da maningokok a maƙogwaronsa, bai sani ba, yana noma yana cin tuwo. In ya yi tari ko atishawa, sai ƙwayar ta bi tsattsafin miyau ta shiga hancin na kusa da shi. Yawanci nan take tsayawa, ba ta yin kome.

To, sai hunturu ya zo da ƙura da bushewa. Cikin hanci da maƙogwaro ya bushe, ya tsattsage kamar ƙasar fadama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar ta bi tsagar ta faɗa cikin jini, daga nan ta hau zuwa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Tantanin ya kumbura, ya yi mugunya. Shi ya sa wuya ke sanƙarewa. Ga kuma sanyin dare: mutum takwas ko goma a ɗaki ɗaya, an toshe taga, an hura wuta, hayaƙi ya cika. Numfashin wannan shi ne numfashin wancan.

A 1963 wani likitan soja Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya zana taswirar ƙasashen da annobar nan ke yawan faɗawa. Abin da ya ba ni mamaki, ni mai awon ruwa, shi ne da ruwan sama ya shata iyakarta: ƙasashen da ke samun tsakanin milimeta 300 da 1100 a shekara. Wannan ɗamara ta taso daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26 ke cikinta yanzu. Ku duba da kyau, ita ce ƙasar gero da dawa da gyaɗa. Matamaye na tsakiyarta. Ciwon yakan fara wajen Disamba, ya yi ƙarfi da bazara, ruwan farko ya sauka ya lafa. Saboda haka ba baƙo ba ne. Lokacinsa sananne ne kamar na fari da na tsuntsu. Abin da aka san ranar zuwansa, kunya ce ya iske mutum a kwance.

Abin da ya riga ya yi mana

A 1995 fiye da mutum dubu 25 suka kamu a Nijar. A 1996 ya bazu cikin Afirka, ya kama fiye da mutum dubu 250, ya kashe kusan dubu 25, kuma arewacin Najeriya ta fi kowa shan wuya. A 2015 ya sake tashi a ƙasarmu, ya kama fiye da dubu 8, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce a gaba da mutum 342. Mu Matamaye muka zo na biyu da 98, sannan Mirya da Magarya. A lokacin guda ciwon na cin mutane a ƙetaren iyaka, a jihar Jigawa. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a duwan.

Kuma lissafin mamata bai ƙare zancen ba. Cikin mutum biyar da suka tsira, kusan ɗaya yakan tashi da tabo: kurumta, farfaɗiya, raunin hankali ko shanyewar gaɓa. A wani gari da nake kai iri akwai wani yaro, ɗan wani manomi abokin aikina. Da can shi ke riƙe mini igiyar awo in muna auna gona. Zazzaɓi ya kama shi ran kasuwa da yamma. Aka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Kashegari aka saya masa kafso wurin mai tebur. Sai rana ta uku, da wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, aka ɗora shi a amalanke. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya rayu. Amma yau in na kira shi ba ya waiwayowa. Ubansa ya ce mini: "Malam, akuyar da na ƙi sayarwa ran farko, ita da ƴaƴanta na sayar daga baya." Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Lissafin kwana ɗaya

Ku da kuka koyi lissafi, ku ɗauko kaye mu gwada. Ƙwayar nan tana hayayyafa ta hanyar rabuwa biyu. A ce sau ɗaya take rabuwa cikin awa guda, ko da yake takan fi haka sauri. Awa ta farko 2, ta biyu 4, ta uku 8. Awa ta 10 sun kai 1024. Awa ta 20 sun wuce miliyan ɗaya. Tun kwana bai zagayo ba ke nan. Shi ya sa sanƙarau ke iya kashe ƙato cikin yini da kwana. In ba a yi magani ba, wajen rabin waɗanda suka kamu mutuwa suke yi. In an yi, kusan tara cikin goma suna tashi. Bambancin yana ga sa'ar da aka kama hanya.

Ga alamun da za ku rubuta a shafin farko na kayenku:

1. Zazzaɓi mai zafi da ya faɗo farat ɗaya.
2. Ciwon kai mai tsanani, da amai.
3. Wuya ya sanƙare, haɓa ba ta taɓa ƙirji.
4. Mutum ba ya son haske, ko yana sambatu, ko barci ya rinjaye shi, ko yana fizge-fizge.
5. Ga jariri: maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, yana kuka ba lallashi, ko jikinsa ya saki.

Kada ku jira alamun su cika biyar. Ga jariri ma sau da yawa wuya ba ya sanƙarewa. Zazzaɓi da ɗaya daga cikinsu, da rani, ya isa a tashi. Ko dare ne.

Ban ce a bar addu'a ba. A yi ta, amma a bisa hanya. Wanda fari suka sauka a gonarsa yana roƙon Allah, kuma yana aika wa malamin gona. Hayaƙi da ƙaho da tsaga ba sa kai wa ga ƙwayar da ke cikin kai. Kafson mai tebur kuwa rufe ciwo yake yi, ya ɓata wa lokotoro bincike. Maganin sanƙarau allura ce mai ƙarfi, irin su seftiriyakzon, kuma a likita kaɗai ake yin ta.

Amsa ga masu tsoro

Na san abin da ake faɗa a dandali, kuma ba zan yi kamar ban ji ba.

Wasu sun ce: "In an kai mutum, ruwan bayansa ake zuƙewa, shi ke kashe shi." Abin da ake ɗiba bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, kuma jiki na mayar da shi cikin ƴan awoyi. Ruwan mai lafiya garau yake kamar na rijiya, na mai sanƙarau gurɓatacce ne. Ana aika shi ɗakin bincike, har cibiyar CERMES ta Yamai, don a san wane gida ne na ƴan tagwayen, a san rigakafin da za a kawo wa gari. In wani ya rasu bayan an ɗibi ruwan, ku tambaya kwana nawa ya yi a gida kafin a kai shi.

Wasu sun ce: "An yi mana allura tun tuni, ga shi ciwon ya dawo." Ga dalili. Maningokok iri-iri ne, kamar yadda wake yake iri-iri. An sa musu haruffa: A, B, C, W, X, Y. Tun kakanninmu, irin A ne ke kawo manyan annoba. A 2010 aka fito da allurar MenAfriVac, wadda aka yi a Indiya musamman domin Afirka. Burkina Faso da Mali da Nijar ne suka fara. Tsakanin 2010 da 2011 aka yi wa masu shekara 1 zuwa 29, ni ma ina cikin layi. Tun daga nan annobar irin A ta ɓace. Wanda ya tashi a 2015, da wanda ya same mu a 2022 da 2023, irin C ne. Allurar ta yi aikinta, wani ɓarawon ne ya shigo ta wata ƙofa. Yanzu an samu sabuwa, Men5CV, mai tsare iri biyar a tashi ɗaya: A, C, W, X da Y. Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi baya cikin shekarar.

Wasu kuma sun ce: "Ba mu yarda da allurar ba." Tsoron nan yana da tushe. A 1996 wani kamfanin waje ya gwada sabon magani kan yara masu sanƙarau a Kano, maganar ta kai har kotu. A 2015 OMS ta yi gargaɗi cewa akwai jabun allurar sanƙarau da ke yawo a Nijar. Amma darasin da ke ciki shi ne a san hannun da za a miƙa wa dantse. Kada ku sayi rigakafi a kasuwa ko wurin mai yawo da jaka. Allura ta gaskiya cikin sanyi ake ajiye ta, ma'aikacin lafiya ke yin ta, kuma yana rubutawa a karne. Don an taɓa sayar maka da mugun iri ba ka daina shuka.

Ku tambayi makiyaya labarin bushiya, wadda ta riƙa share garke ɗungum. Allura ce ta gama da ita, har a 2011 aka yi shelar babu ita a duniya. Muna kora shanu zuwa wurin allura kowace shekara. Ashe saniya ta fi ɗa?

Sauran gidaje biyu

Nimokok ba ya yin shela kamar ɗan'uwansa, ɗaya-ɗaya yake ɗauka, shekara duka. In yaro na tari da zazzaɓi, ku buɗe rigarsa ku ƙidaya numfashinsa minti guda, da agogo ko salula. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, a tafi nan take. Tun 2014 rigakafin nimokok na cikin alluran jarirai a Nijar, sau uku: sati 6, sati 10, sati 14. Tun 2017 kuma ta sanƙarau ta shiga cikin na wata 9. Uwar da ta tsaya a allura ta biyu, kamar wanda ya yi noman fari ne ya ƙi maimai.

Gonokok kuwa, kunya ce taki gare shi. Ta wurin kwanciya ake ɗaukar sa. Namiji yakan ji zafin fitsari ya ga mugunya, mace sau da yawa ba ta jin kome, alhali yana iya toshe mata hanyar haihuwa. In ta haihu da shi, yakan shiga idon jariri, ido ya kumbura yana mugunya cikin kwanakin farko, har ya kai ga makanta. Shi ya sa ake sa wa jariri magani a ido a gidan haihuwa. Maigidan da ya dawo daga cirani da wannan ciwo, ya je likita shi da iyalinsa, a yi musu magani tare. Kada a ɗora wa mace laifin rashin haihuwa kan abin da aka kawo mata. Kuma shan kafso bibbiyu ya sa ƙwayar nan ta saba da magunguna da yawa, kamar ƙwarin da suka saba da feshi.

Abin da nake roƙon kowane gari

Tsofaffinmu suna tuna 1975, shekarar da darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa, gonaki suka tashi a banza. Tun daga nan manomi ya koyi leƙa bayan ganye, ya kai rahoto tun abu na ƙarami. Haka nake so mu yi da sanƙarau. Ga shawara biyar, ku karanta wa mai gari da liman da shugabar mata:

1. A buɗe asusun gaggawa tun yanzu da hatsi ke hannu. Kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta gero. A sayar, a ajiye kuɗin wurin amintacce, a rubuta. Wanda ciwo ya faɗa wa da dare ya ranci kuɗin mai da na hanya, ya biya daga baya. Yawancin jinkirin da na gani, na neman jika biyu ko uku ne.
2. A san amalanke ko babur ɗin da zai ɗauki marar lafiya, a san mai shi, a rubuta lambar salularsa da ta ma'aikacin likita mafi kusa a bangon ɗakin karatu.
3. In maigida zai tafi cirani, ya bar izini a gaban shaidu cewa in yaro ya kwanta, uwa ta kai shi likita ba sai an jira shi ba.
4. Mutum biyu masu karatu, namiji da mace, su bi gida-gida su duba karnen yara. Wanda allurarsa ba ta cika ba, a rubuta sunansa, a raka uwar ranar awo.
5. A riƙe kaye na gari. Duk wanda ya nuna alamun nan, a rubuta rana da shekarunsa da unguwarsu, a sanar da likita. A ƙa'idar OMS, wurin da mutanensa ba su kai dubu 30 ba, mutum biyu cikin sati ɗaya sun isa a faɗakar da hukuma. Rubutunku na iya sa rigakafi ya iso da wuri.

Bayan wannan, a rage cunkoso a ɗakin kwana gwargwadon hali, har da na almajirai. A bar taga ta sha iska, a fitar da murhu waje kafin a kwanta. A rufe hanci da rawani ko mayafi ranar ƙura, a kare baki in za a yi tari. Man da ake shafawa a hanci yana rage bushewa, amma ba ya zama madadin allura.

Su ma hukumomi akwai nasu. Tun 2006 doka ta ce a yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta. To, a tabbata maganin na nan a ƙananan gidajen likita kafin Disamba, domin manomin da ya yi tafiyar dare ya iske kwali wayam, da wuya ya sake dawowa. Kuma a yi rigakafin iri biyar ɗin tun ciwo bai tashi ba. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2020 cewa za a kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Alkawarin ba zai cika a Yamai ko Janeba ba, sai ya cika a garuruwanmu.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a bakin rijiya, a wurin suna. In kuna da tambaya ko wata dabara da garinku ya gwada, ku rubuto wa gidan rediyo, a karanta kowa ya amfana. Allah ya raba mu da annoba, ya kai mu damina da ƴaƴanmu cif, masu ji, masu gani.

Malamin gona, Matamaye